Nauyin Akwatunan Kafin Ɗorawa

Duk wanda ya yi zama a Nassarawa ta Kano a shekarun da Turawa ke shirin naɗe tabarmarsu ya san Jibrin Direba. In bai san shi da suna ba, ya san shi da motar da yake tuƙawa, Landiroba. Koriya ce, ta gwamnati, ƙofarta ta hagu ba ta rufuwa sai an taimaka mata da gwiwa. Kullum da hantsi za ka same ta a ƙarƙashin dogonyaron da ke bakin wani gida mai dogon baranda, Jibrin na zagaya ta da tsumma, yana gogewa yana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa. Gajere ne kakkaura, mai manyan hannuwa, kuma magana ba ta dame shi ba. Matarsa Talatu takan ce duk maganar da Allah ya rubuta masa ta yini guda, motar ce ke cinye rabi, ita da yara su raba ragowar.

Mutumin Kafin Ɗorawa ne, wani ƙauye gabas da Kano, tafiyar rabin yini a mota in damina ba ta cinye hanya ba. Su biyu ne maza a wurin ubansu. Babban, Lawan, shi ya gaji unguwa, ya zama mai unguwa tun gemunsa bai cika ba. Jibrin kuwa ya ɗauki sandarsa ya shigo birni cin rani, ranin da bai ƙare ba har ya yi furfura. Dako ya fara yi a wani wurin awon gyaɗa kusa da tashar jirgi, kuma a can aka gane Allah ya yi wa hannunsa wata baiwa. Sai ya ɗaga buhu ya ce, "Wannan ya gaza da mudu biyu." A ɗora a sikeli, sikeli ya ce haka ne. Wata rana ya ɗaga buhu ya ajiye, ya ce akwai yashi a tsakiyarsa. Mai kayan ya yi ta rantsuwa har da cire hula, aka farke, sai ga yashi kuwa. Daga nan ya zama karen mota, ya koyi tuƙi, ya samu aikin gwamnati, aka ba shi ɗaki biyu a bayan gidan wani Bature a Nassarawa, tsakanin ɗakin kuku da na mai gadi. Baturen ba ya rabuwa da lofen shan taba a baki, don haka mutanen bayan gida ba su wahalar da harshensu da sunansa ba, suka sa masa Mai Lofe.

Da aka fara abin da ake kira zaɓe, a shekarar hamsin da ɗaya, Mai Lofe na cikin waɗanda aka tura ƙauyuka su duba yadda ake yi, Jibrin kuwa shi ne a sitiyari. Zaɓen wancan lokaci ba shi da wani asiri. A tara magidanta a gindin bishiya, a kira sunan wane, a ce wanda ke so ya ɗaga hannu. Jibrin yakan jingina da motarsa yana kallo, kuma a cikin 'yan shekaru ya haddace halin garuruwan nan fiye da Baturen da ke rubutawa a littafi. Akwai garin da ba mai ɗaga hannu sai ya saci kallon hannun dagaci. Akwai na bakin hanyar mota, mai kasuwar Laraba, inda teloli da mahauta kan yi jinkiri da gangan, su ɗaga hannu a kasalance don a san ba da son ransu ba. Akwai wasu garuruwa biyu maƙwabta da suka yi shekara arba'in suna rigima a kan fadama, duk wanda wannan ya zaɓa wancan sai ya zaɓi kishiyarsa, ko da ɗan ɗiyarsu ne. Fulanin rugage kuma tambayarsu ɗaya ce, yaushe za a gama, don shanu ba su sha ruwa ba.

Kafin Ɗorawa ba ta taɓa ba kowa wahala ba. Lawan ya ɗaga hannu, hannuwa su tashi gaba ɗaya. Hakimi kan yi misali da ita a gaban sauran masu unguwanni, kuma Jibrin, ko da yake ba ya faɗa, yana jin daɗin abin har cikin ransa, don yana son yayansa so na gaske. Shi dai bai taɓa ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, saboda ranar zaɓe ita ce ranar da ya fi kowa aiki. Mata kuwa a Arewa ba a ma sa su a lissafin masu zaɓe ba a lokacin. Talatu takan ce masa, "Malam, ni da kai duk ɗaya muke a gidan nan. Ni an hana ni, kai kuma kana can kana kai wa wasu."

A ƙarshen shekarar hamsin da tara aka zo da sabon salo. Aka ce an daina ɗaga hannu. Za a kewaye wani wuri da zana, a jera akwatunan ƙarfe a ciki, kowane ɗan takara da nasa, an manna alamarsa a jiki. Mutum ya karɓi takarda, ya shiga shi kaɗai, ya jefa a wanda yake so, ya fito, daga shi sai Allah. A mazaɓar su Jibrin mutum biyu ne suka tsaya, ɗaya alamarsa fartanya, ɗayan tauraro. Sarakuna da masu unguwanni na tare da fartanya. Tauraro kuwa na waɗanda ke cewa talaka ya gaji ne, kuma a ƙauye ba a faɗin sunansa da ƙarfi. Mai Lofe shi aka ba kula da wannan mazaɓa. Ya kuma kafa nasa sharaɗi: in an zo ƙidaya, sai a juye duk akwatunan fartanya wuri guda, na tauraro wuri guda, kafin a fara ƙirgawa, don kada a san abin da kowane gari ya yi.

Dabara ce mai kyau, amma Mai Lofe ya manta da mutum ɗaya, wanda zai loda akwatunan a mota.

Ranar zaɓe da la'asar suka fara bi gari-gari suna kwasowa. An toshe bakin kowane akwati da jan kaki na hatimi, an sa kwaɗo. Duk ƙirarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya in ba komai a ciki. Jibrin bai yi niyyar komai ba, wallahi bai yi ba. Ya dai sunkuya a garin farko ya ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu, don ya rage wa kansa zirga-zirga, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Takarda ba ta da wani nauyi, amma ɗari biyu ba ɗaya ba ce da goma, kuma in ka karkata akwati za ka ji yadda suke zamewa a ciki. Kafin ya kai mota ya san wanda garin ya zaɓa. Ya yi a'uziyya, ya ce a gari na gaba ɗaya-ɗaya zai ɗauka. Ya ɗauka ɗaya-ɗaya, hannun bai fasa gaya masa ba.

Mafi yawa abin bai ba shi mamaki ba. Garin masu kallon hannun dagaci, fartanya ta rinjaya sosai. Na kasuwar Laraba, tauraro ya yi nauyi, daman an san za a rina. Maƙwabtan nan masu rigimar fadama, ɗaya nan ɗaya can, kamar kullum. Rana ta yi sanyi suka iso Kafin Ɗorawa, suka tarar da gari ya cika a bakin rumfar zaɓe. Lawan na tsaye cikin babbar riga, mutane na ta yi masa barka tun ba a ƙirga ba. Wani mai suna Idi, wanda ya fi kowa baki a garin, yana ta shela cewa in aka samu takarda ɗaya tak a akwatin tauraro, to a yanke masa kunne. Kowa na cewa, "Fartanya muka yi, ranka ya daɗe, fartanya!"

Jibrin ya gaida yayansa, ya shiga bayan zana, ya sunkuya ya ɗauki akwatunan biyu. Sai ya tsaya cak. Ya ajiye, ya sauya hannu, na dama ya koma hagu. Ya sake ɗagawa. Tun da yake ɗaukar kaya a duniya bai taɓa rasa gane wanda ya fi nauyi ba sai ranar. Garinsu ya rabu biyu cif, rabi fartanya rabi tauraro, kuma ga su can waje baki ɗaya suna rantsuwa da fartanya.

Abu biyu suka zo masa a lokaci guda. In hakimi ya ji, rawanin Lawan ya tafi, don shi ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ko mutum ɗaya ba zai kauce ba. In kuma Lawan ya ji, to zai bi gida-gida yana neman waɗanda suka kunyata shi, kuma waɗannan mutane su ne 'yan'uwansu da surukansu. Ya fito da akwatunan fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya loda, ya yi sallama a gurguje. A hanya Mai Lofe ya tambaye shi ko lafiya, don ya ga ya faɗa rami biyu da bai saba faɗawa ba. Jibrin ya ce lafiya lau.

Aka ƙirga, fartanya ta ci mazaɓar, amma tauraro ya samu ƙuri'un da suka sa manya suka kasa cin tuwo da daɗi. Aka shiga tambayar daga ina suka fito. Ba a daɗe ba wani ya tuna da ɗan dakon nan na wurin awo wanda sikeli ba ya ƙaryata shi. Sai ga baƙi sun fara sallama a bayan gidan Mai Lofe. Wasu su zo da goro, wasu da zabi, wasu da zance mai daɗi. Na fartanya na so su san garuruwan da suka zame, na tauraro na so su san inda za su ƙara ƙarfi. Jibrin yakan shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, ya sa a kawo ruwa, ya saurare su har su gama, sannan ya ce, "Ni direba ne. An ce in kai, na kai." Ba wanda ya rantsar da shi, ba wanda ya ce masa amana ce. Shi ya ga cewa mutumin da ya shiga bayan zana ya yarda ba mai ganinsa, to bai kamata a bi ta hannun Jibrin a gan shi ba. Talatu ta mayar da zabi har ta gaji, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da nama ke shigowa da ƙafarsa ana kora shi ba.

Wata biyu bayan zaɓe, sai ga Lawan da kansa. Bai taɓa zuwa Nassarawa ba. Ya sauka a tasha ya tako da ƙafa, yana ta mamakin unguwar da gidaje ke nesa da juna kamar masu gaba, ga bishiyoyi a jere ba mai zama a inuwarsu. Talatu ta rasa inda za ta sa shi don murna. Bayan an ci an sha, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Lawan ya ce wa ƙanensa su ɗan taka. Suka tsaya a bayan gareji, inda ba kowa.

"Jibo," in ji Lawan, don shi kaɗai ke kiransa haka, "kai ka ɗauki akwatunan garinmu."

"Ni ne, Yaya."

"Na tauraron nan. Da wani abu a ciki?"

Jibrin ya dubi ƙasa. "Yaya, a rufe yake. Da kaki, da kwaɗo."

"Ban tambaye ka kwaɗo ba. Na san hannunka tun kana tallar rogo. Takarda nawa ka ji? Ɗaya ce, ko ta fi ɗaya?"

"Ka yi mini aikin gafara, Yaya. Ba zan iya ba."

Lawan ya matso kusa da shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba sunan kowa na tambaye ka ba. Abu kaɗan na roƙa. Ni ne fa, Lawan."

Da wani ne ya yi wannan roƙo, da Jibrin ko a jikinsa. Amma wannan shi ne wanda ya goya shi ya haye rafi da shi suna yara, shi ya tsaya masa a wurin auren Talatu, shi ke noma masa gonar gado yana aiko masa da dawa duk kaka. Zuciyarsa ta yi ta ce masa ya faɗa. Sai ya tuna fuskokin mutanen da ke bakin rumfa, ya ga yayansa na shiga gidajensu da fushi, ya ga kuma dogarin hakimi na zuwa karɓar rawani. Ya ce, "Ko kai ne, Yaya."

Lawan ya gyaɗa kai, ya ce, "To, madalla. Aikin Bature ya yi kyau." Ko kwana bai yi ba, ya koma tasha.

Daga nan zumunci ya yi sanyi. Ba faɗa aka yi ba, da faɗa ne da an shiga tsakani. Dawa ba ta fasa zuwa ba duk kaka, sai dai babu saƙon gaisuwa a tare da ita. In Jibrin ya je gida da salla, Lawan ya amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo, ya tambayi iyali, ya tashi ya ce ana jiransa. "Jibo" ya ɓace, sai "Malam Jibrin". Wannan suna na girmamawa ya fi zagi yi wa Jibrin ciwo. Yakan dawo Nassarawa ya yi kwana biyu ko motar ba ya yi wa magana. Talatu ta yi ta fama da shi. "Malam, ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Zaɓen nan an gama shi, wanda ya ci har ya yi tumbi. Me za ka rasa in ka faɗa masa?" Sai ya ce, "Ba nawa ba ne da zan bayar."

Duniya kuwa ba ta tsaya jiran su ba. Aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta ƙasa. Mai Lofe ya haɗa kayansa ya tafi, ya bar wa Jibrin agogon hannu da wata tsohuwar rigar ruwa. Gidan ya koma hannun wani Alhaji babban ma'aikaci, wanda ya gaji gidan da motar da direban gaba ɗaya. Aka sake zaɓe a sittin da ɗaya, amma wannan karon yamma aka tura Jibrin, bai taɓa akwatin garinsu ba, ya kuma gode wa Allah. Kafin Ɗorawa ta ci gaba da amsa sunanta na garin da ba ya rabuwa. Masu tauraro ko tsayawa ba sa yi a can in sun fito yawon neman jama'a, sun ce ɓata mai ne. A zaɓen ƙarshen sittin da huɗu ma ba su tsayar da kowa a mazaɓar ba, aka ce ɗan fartanya ya wuce ba hamayya, ba a ko kafa zana ba.

Da damina ta sittin da biyar aka aiko cewa Lawan ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, ya kwana biyu bai fita ba. Jibrin ya roƙi Alhaji hutun kwana uku, ya hau motar kasuwa, inda laka ta hana mota wucewa ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Ya isa da hantsi. Ya samu yayansa a kwance a zaure, ya rame, sai idanu. Ya durƙusa ya gaishe shi, yana jiran "Malam Jibrin".

Lawan ya sa aka ba su wuri. Ya lumshe ido har Jibrin ya zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Ka san shekara nawa na yi ina shiga gidajen mutanen nan ina kama musu kaji, don hakimi ya yi baƙi? Ka san sau nawa na tsaya a ƙofar mutum na ce ɗanka zai tafi aikin hanya, ga shuka ta fito, ga shi ba mai taya shi? Su yi mini 'ranka ya daɗe', ni kuma in koma gida in kasa haɗiye tuwo."

Jibrin ya sunkuyar da kai.

"Ranar nan da na shiga bayan zana," in ji Lawan, "na ga ba hakimi, ba dogari, ba kowa. Tun da aka naɗa ni ban taɓa tsayawa wuri ni kaɗai ba sai ranar. Sai na jefa a tauraro."

Jibrin ya ɗago kai da sauri. "Kai, Yaya?"

"Ni. Na fito, na ji gari gaba ɗaya na kiran fartanya, saboda ni na ce su yi. Na ce shi ke nan, Lawan, kai kaɗai ne munafuki a garin nan. Ka sa mutane hanya, kai ka bi wata. Abin da ya kai ni wurinka ke nan. Ba farautar kowa zan yi ba. So nake in ji ko akwai mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya ji abin da na ji." Ya numfasa. "Da ka ƙi faɗa, sai na ce ka ji takarda ɗaya ce, ka kuma gane tawa ce, kunya ta hana ka dubana. Ni ma sai na kasa duban ka. Zaɓen da ya biyo baya na koma fartanya, don na gaji da zama ni kaɗai."

Jibrin ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Shekara biyar yana tsare mutanen gari daga yayansa, yana tsare yayansa daga hakimi, ashe mutumin na can yana cin kansa a kan abin da kalma ɗaya za ta warkar. Bai yi nadamar rufe bakinsa ga masu goro da zabi ba, ko yau suka dawo abin da za su ji ke nan. Amma wannan ba mai neman asirin wani ba ne. Mai takarda ne ke tambayar labarin takardarsa. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

"Yaya," ya ce, "na ɗauki naku biyun, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na sauya hannu. Har na kai mota ban san wanda ya fi nauyi ba."

Lawan ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya kwana uku bai yi ba. "Me ka ce?"

"Rabi da rabi. Ko da bambanci, bai kai a ji a hannu ba."

"Rabin garin nan?"

"Rabinsa."

Sai dariya ta kufce wa Lawan, irin wadda ke fita da tari, ya yi ta yi yana dafe ciki har matan gida suka leƙo a tsorace. "Kai, jama'a! Shekara biyar muna sahu ɗaya a masallaci, kowa na ɓoye wa na kusa da shi abu ɗaya! Kai, mutanen Kafin Ɗorawa, Allah ya shirye ku!" Ya share ido da hannun riga. "Har da Idi? Mai cewa a yanke masa kunne?"

"Akwati ba ya faɗin suna, Yaya. Ko yana faɗa, ba za ka ji a bakina ba."

"Na sani, Jibo. Na sani. Taurin kanka na Baba ne." Dariyar ta lafa, ya juya ya kalli ƙofa. "Da na sani a lokacin, da ban ce komai ba, amma da na yi barci."

"Da ka gaya mini dalili, Yaya."

"Da wane bakin?"

Da aka kira azahar, Lawan ya ce a fitar masa da tabarma ƙofar gida. Aka ce jikinsa ba zai ɗauka ba, ya ce a fitar. Jibrin ya tallafe shi ya zaunar, ya jingina shi da bango, ya zauna a gefensa. Magidanta suka fara wucewa za su masallaci, masu dawowa daga gona da laka a ƙafa, kowa ya ratse ya durƙusa ya gaida mai unguwa. Da can Lawan hannu kawai yake ɗagawa ya ce "yauwa". Ranar kuwa kowa ya zo sai ya kira sunansa, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tsura masa ido yana murmushi, ya daɗe bai saki ba. Mutane suka rasa gane kan abin. Idi, da aka riƙe nasa hannun har ya fara jin nauyi, ya zagayo ya ja Jibrin gefe, fuskarsa duk damuwa.

"Malam Jibrin, gaya mini gaskiya. Wannan riƙon hannu na mai unguwa, kamar mai sallama da mutane. Jikin ne ya tsananta?"

Jibrin ya dubi yayansa, wanda ya riga ya kama hannun na gaba.

"A'a," ya ce. "Yau ne ma ya samu sauƙi."